Fuskar Inna a Bango da a Tele

Ranar da ƙanena ya dawo daga Jado da tele a bayan mota, duk unguwarmu sai da ta leƙo. Shekara biyu ya yi can yana tonon zinariya, ya dawo a rame, ƙasusuwan wuya duk a waje, amma abin da ya fara saukewa kwali ne mai faɗin ƙofar zaure. Aka kafa ta a bangon ɗakin Baba, aka ɗora parabol, faifan nan mai kamo tashoshi, a kan soro, aka kunna. Mata suna ta sa albarka. Baba ya zauna a tabarmarsa ya ƙura mata ido na ɗan lokaci, sannan ya tambayi ƙanena ko mutanen cikin nan duka man gyaɗa aka shafa musu. Raina ya ɓaci nan take, don ni ce mai saurin hawa a gidanmu, kowa ya sani. Na ce masa mutum ya sha rana ya kawo maka abu, ko sannu ba za ka ce ba? Ya ce ai ya yi masa sannu, yanzu da tele yake magana.

Baba shi ne mai harba fim a gidan silimar Agadas, tun kafin a haife ni har lokacin da aka rufe ta, aka mai da filin wurin ajiye manyan motoci masu zuwa Dirku. Silimar ba ta da rufi. Dogon bango ne da bencina, sai wani ɗan ɗaki a sama inda injin yake. Bangon nan Baba ba ya barin kowa ya shafe shi. Shi da kansa yake dama farar ƙasa, ya zuba mata ɗan bulan wanki, wai don kada farin ya yi ja. Idan wata ya cika sai ya wuni yana mita, ya ce hasken wata yana wanke masa hoto. Mutane na buga benci suna ihu a fara, shi kuwa ba zai kunna ba sai jan yamma ya gama mutuwa a sama. An zage shi a kan wannan ba adadi, ko a jikinsa.

Ma'auninsa guda ne, baƙi. Yakan ce duk hoton da ba za ka iya ganin ninkin baƙin rawani a cikinsa ba, to ba hoto ba ne. A wurinsa baƙin silima yana da ciki, akwai abubuwa kwance a cikinsa in ka natsu, amma baƙin tele rami ne kawai. Sannan ya ce ta ja mutane ta gefe, siriri ya koma mai tumbi. Ƙanena ya yi ta danne-danne a telekoman, ɗan abin sarrafa ta daga nesa, ya rage launi, ya ƙara haske, ya matse hoton, Baba na gefe yana girgiza kai. Ni dai a lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce, da kishin mutumin da aka raba da sana'arsa. Hoton telen nan a idona tsaf yake, har zufar ɗan ƙwallo kana gani.

Akwai wani gwangwani a gidanmu, zagayayye, faɗinsa bai wuce faifai ba. A cikinsa mahaifiyarmu take, in ji ƙanena lokacin yana ƙarami. Inna ta rasu ina da shekara tara. Ba ta yarda da hoto ba sam, ɗaya tilo da aka yi mata na katin shaida ne, shi ma ya koɗe har ba a gane komai. Amma zamanin da Turawa masu yawon buɗe ido suke cika gari, yashi ya shiga injin ɗaukar fim na wani daga cikinsu, aka kawo wa Baba ya gyara. Da ya gama, Baturen ya gwada injin a ƙofar gidanmu. Bayan watanni ya aiko da ɗan guntun abin da ya ɗauka ta hannun wani direba. Bai kai minti uku ba. Ƙofar zaure ce, da akuya, sai ga Inna ta fito da ƙwarya, ta yafa turkuɗi. Ta ga inji, ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan kamar an yi mata magana, ta sauke shi ta juyo. Nan fuskarta take cika bango, na ɗan lokacin da bai wuce ka ja numfashi uku ba.

Baba yana da ƙaramin inji da yake zagaya ƙauyuka da shi a da, bai taɓa rabuwa da shi ba. Bayan kowace babbar Salla sai ya toshe taga da barguna da rana tsaka, ya zaunar da mu, ya harba mana Inna a bangon ɗaki. Turkuɗin nan baƙi ne, fuskarta baƙa ce, tana cikin inuwar zaure, amma wallahi komai kana gani, har ƙyallin shunin da ya shafu a goshinta. Daga baya ya daina. Ya ce fim ɗin ya gaji. In an buɗe gwangwanin wani wari mai tsami yake tasowa. Na yi aure, na haihu, na shiga hidimar koyarwa a lakkwal, shekaru suka tafi ban sake ganinta ba. In faɗi gaskiya, fuskar ta fara ɓace mini ni ma.

Ba a daɗe da kawo tele ba muka gane idon Baba yana tafiya. Zai miƙa hannu ya ɗauki buta sai ya kama iska. Na kai shi wajen lokotoro, aka duba, aka ce ciwon ya riga ya cinye jijiyar idon hagu, na dama ma yana bi, magani sai dai ya rage masa gudu. Baba ya ce yanzu duniya yake gani kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. A hanyarmu ta komawa gida bai yi maganar idon ba ko sau ɗaya. Sai da muka kai zaure ya tsaya, ya dafa bango.

"Ina son in ga uwarku sau ɗaya kafin wannan ya rufe," ya ce. "Fim ɗin nan tafiya guda ta rage masa a cikin inji. Zan shirya shi. Kada ki gaggauta ni."

Ni kuma kaina ya tafi wani wajen. Na ce in tafiya guda ce ta rage, ai sai mu ɗauka da waya lokacin da yake harbawa, mu zuba a tele, ya riƙa kallonta kullum, ga girma ga haske, daidai da idon da ke neman haske. Ya ƙi. Ya ce hasken waya zai ɓata masa duhun ɗaki, kuma ba za a saka matarsa cikin akwatin man gyaɗa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ba kai kaɗai ka rasa ta ba, mu ma uwarmu ce, ƴaƴana ba su taɓa ganinta ba. Ya ce in kawo su ranar su gani da idonsu. Na fita ina huci. A raina na ce wannan tafiya guda da yake faɗa irin zancensa ne na hasken wata, ƙari ne kawai na mai sana'a.

Bayan kamar mako guda aka aiko masa da rasuwar wani tsohon abokinsa a Anu Araran, ya tafi ta'aziyya zai kwana biyu. Motarsu na tashi na shiga ɗakinsa. Gwangwanin ba ya cikin akwati inda ya saba zama. Na same shi a ƙasa, a gindin randa, kan yashi mai sanyi. Na buɗe, sai ga wani ɗan ƙyalle jiƙaƙƙe manne a cikin murfin. Na ce shi ke nan, tsohon nan ido ya tafi har bai san ya sa ruwa a kan fim ba, ga warin tsamin ya ƙaru, ruɓewa yake yi. Mu a garin nan duk abin da muke son ya daɗe shanya shi muke yi, nama ne, tumatir ne, albasa ce, dabino ne. Ban yi shawara da kowa ba. Na jefar da ƙyallen, na hau soro da bobin ɗin da fim yake naɗe a kai, na ɗora shi a kan faifai inda iska take kaɗawa, na bar shi tun hantsi har azahar. Ina saukowa da shi ina jin daɗin na ceto shi.

Ƙanena ya iya zare fim a cikin inji, Baba ya koya masa tun da. Da na gaya masa abin da nake so ya ce shi babu ruwansa, a jira mai abu. Na ce da an biye wa jira da ba ka je Jado ba. Na ce sau ɗaya za mu harba, mu ɗauka, mu mai da shi gwangwani, Baba ya dawo ya yi nasa kallon ranar da ya ga dama, kowa ya samu. Na yi ta yi masa magana har ya gaji. Ni yayarsa ce, bai saba yi mini musu ba, kuma na san da haka na yi amfani.

Da la'asar muka toshe taga da barguna. An yi sa'a akwai kuran, ba a ɗauke wutar ba. Yana zare fim ɗin yana cewa ya yi tauri, ba ya lanƙwasa yadda ya sani. Na ce ya yi sauri kafin a ɗauke wuta. Na karɓi wayarsa sabuwa, na tsaya a gefen inji na saita ta. Ya kunna. Ƙofar zaurenmu ta fito a bango, ga akuya, sai dai ƙarar injin ba irin wadda na sani ba ce, wani ƙas-ƙas yake yi kamar ana taka busasshen ganye. Ƙanena ya ce zai kashe. Na ce kada ka kuskura, ta kusa fitowa. Ya sake cewa wani gari yana zubo masa a hannu. Na daka masa tsawa. Haka muka tafi har ƙarshe, sannan haske fari fat ya cika bango. Da muka cire bargo ɗaya muka duba, fim ɗin bai naɗu a bobin na baya ba. Yana ƙasa, gutsi-gutsi, wani kamar ɗan yatsa, wani kamar tafin hannu, ga wani baƙin gari a kan tabarma.

Ƙanena ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ni kuwa na ƙi yarda jikina ya mutu. Na buɗe wayar na duba, ga abu nan ya ɗauku, ƙanƙane, yana motsi. Na ce masa ka gani, da ba mu ɗauka ba da a hannun Baba zai wargaje, mu tashi a banza. Na faɗa da ƙarfi don ni ma in ji.

Aka zuba shi a kile, ɗan abin nan na ajiye hotuna, aka soka a bayan tele. Bangon gidanmu ya fito fari ƙal har yana kashe ido. Akuya ta fito, an ja ta gefe ta yi faɗi. Sai ga Inna. Wani baƙin abu ne dai ya fito daga zaure da ƙwarya. Ya ɗaga hannu, ya sauke, ya juyo. Inda fuska take babu komai sai baƙin tabo, da wasu ƙananan murabba'ai suna rawa a cikinsa. Ɗan kunnenta guda ne kawai ya yi ƙyalli. Na ƙwace telekoman na ƙara haske har ƙarshe, baƙin ya koma toka, murabba'an suka ƙara girma. Na rage, na sauya launi, na shiga duk inda za a shiga. Na koma kan wayar na buɗa hoton da yatsu, nan ma tabon ne. Ƙanƙantar allon ce ta ruɗe ni da farko.

Washegari da sassafe, kafin in tafi lakkwal, na kai wa wani mai gyaran waya kusa da tasha, wanda ake cewa babu abin da ya gagare shi. Ya duba a ordinatarsa, wato kwamfuta, ya daɗe. Ya ce wayar ta bi farin bango ne ta daidaita kanta da shi, sai ta zubar da duk abin da yake cikin duhu. Abin da ba ta kama ba babu shi, ba ɓoye yake ba balle a tono. Da ya ga yanayina sai ya ce akwai wata dabara ta zamani da take gyara fuska. Ya danna, muka jira. Sai ga wata mace ta fito, kyakkyawa, fata sumul, hanci siriri, tana murmushi cikin turkuɗin uwata. Ban taɓa ganinta ba a duniya. Na ce ya goge ta yanzun nan a gabana. Ya ce ai ta yi kyau. Kaɗan ya rage in zage shi, bawan Allah, alhali ba shi ya yi mini komai ba.

Baba ya dawo washegari da yamma. Mun share ɗaki, mun tattara gutsattsarin mun mai da su gwangwani, amma yana sa ƙafa ya tsaya yana shaƙar iska. Bai ko cire rawani ba ya nufi gindin randa, ya lalubo gwangwanin, ya ɗaga. Abin da ke ciki ya yi ƙara. Ya buɗe, ya shafa cikin murfin da yatsa, ya tambaya ina ƙyallen. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da soro, har da faifai. Ban rage ko ɗaya ba, na kuma ce ƙanena ba shi da laifi.

Na so ya yi faɗa. Wallahi na so ya zage ni, ya ɗaga sanda, in samu abin da zan riƙe. Bai yi ba. Ya zauna ya yi mini bayani a hankali kamar ina ɗalibarsa. Ya ce fim a ƙasar nan ƙishirwa ce take kashe shi. In ya tsufa ya bushe, sai an ba shi danshi kaɗan-kaɗan, ba a jiƙa shi ba, a bar shi ya sha daga iskar gwangwani har ya yi laushi, sannan a bi shi da yatsa taku-taku a lallaɓa inda ya tsage. Haka suke yi tun a silima da duk fim ɗin da ya sha hanya. Kwana goma yake bukata. Ya yi bakwai. Ranar Juma'a bayan la'asar ya yi niyyar harbawa, har ya gaya wa ƙanwar Inna ta zo.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ce kada ki gaggauta ni," ya ce.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Kullum da hantsi yakan zauna a bakin ƙofa da gwangwanin a cinya, ya ɗauki guntu ɗaya ya ɗaga wa rana, ya kai shi kusa da idon dama, ya juya kai yana neman hudar da ta rage masa. Hoton cikin fim ɗin bai kai farcen yatsa ba, ina zai gani. Ni na karɓa na bi su ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma da na aro a lakkwal. Na sami ƙofa, na sami akuya, na sami ƙwarya da hannu. Wajen fuskar kuwa, shi ne inda ya fi shan inji tsawon shekaru, don Baba yakan mai da shi baya ya sake harbawa, shi ne ya zube gaba ɗaya. Gutsattsarin wajen fes suke, ana ganin rana ta cikinsu. Na tambayi duk wanda na sani, har wani malami ɗan'uwan aikina da ya yi karatu a waje. Kowa sai ya ce da dai ba a harba ba. Na daina cin abinci sosai. In na zo gaishe shi ya amsa lafiya lau, ya tambayi yara, wannan ya fi komai ci mini rai.

Ranar Juma'ar da ta zagayo ta biyu, bayan la'asar, ya kira ni ya ce in kunna masa abin da muka ɗauka. Na ce Baba babu komai a ciki. Ya ce in kunna dai. Ya sa na toshe taga da barguna kamar yadda yake yi, ko da yake tele ba ta bukatar duhu. Ya ja tabarma har gindinta, ya miƙe a kan gwiwa, fuskarsa ba ta fi taki ɗaya daga gilashin ba. Mutumin da ya yi shekaru yana korar yara daga bencin gaba wai kusa tana ɓata hoto. Baƙin abin ya fito daga zaure, ya juyo. Baba ya bi shi da kai, sama da ƙasa, hagu da dama. Ya ce in mayar. Na mayar. Sau huɗu muna yi. A na ƙarshe ya sa yatsa a kan tabon, ya bar shi nan har hoton ya ƙare.

Ya koma ya zauna. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Ke dai kin gan ta a bango ranar," ya ce. "Gaya mini. Da ta sauke mayafin, dariya take yi ko rana ce ta sa ta runtse ido? Dā na sani. Yanzu in na rufe ido sai in ga wannan, sai in ga wancan."

Sai a lokacin na tuna yadda na tsaya ranar. Idona yana kan wayar tun daga farko har ƙarshe, ina lura kada hannuna ya karkace. Ban ɗaga kai na dubi bango ba ko sau ɗaya. Na yi niyyar in ce dariya take yi, ya samu ya riƙe, amma na riga na yi masa abin da ya isa.

Na ce, "Ban duba ba, Baba. Waya nake kallo."

Ya ce to. Ya ce in kira masa ƙanena. Na fita tsakar gida na kira shi, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, Baba ya yi masa tambayar da ya yi mini. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya ce shi inji yake kallo.